Daga Gem Zuwa Fim: Me Ke Ɓacewa Idan Aka Karɓe Linzami Daga Hannunka?

 

Yau zan fara da ba ku labarin wata mata da na hana shiga gari. A cikin wasan kwamfuta abin ya faru, amma har yau idan na tuna sai in ji ba daɗi.

Sunan wasan Papers, Please. Wani Ba'amurke mai suna Lucas Pope ne ya ƙirƙira shi, shi kaɗai, ya fitar da shi a 2013. A cikinsa kai ma'aikacin shige da fice ne a bakin iyakar wata ƙagaggiyar ƙasa mai suna Arstotzka, a ƙarshen shekarar 1982. Kana zaune cikin wani ɗan akurkin ofis, mutane suna miƙo fasfo ta taga, kana duba suna da hoto da ranar ƙarewar takarda. A gabanka akwai hatimi biyu, kore na shiga, ja na komawa. Albashinka ya danganta da yawan mutanen da ka sallama. Kuskure biyu na farko a yini gargaɗi za a yi maka, daga na uku sai tara. Idan ka tashi aiki ga kuɗin haya, ga na abinci, ga na ɗumama ɗaki, domin akwai matarka da ɗanka da surukarka da kawunka suna jiranka a gida.

A cikin kwanakin farko wani mutum ya zo da takardunsa cikakku. Na buga masa kore. Kafin ya wuce ya ce matarsa ce ke bayansa, ya roƙe ni in kyautata mata. Da ta zo sai na ga ba ta da takardar izinin shiga. Ta ce idan ta koma ƙasarsu kashe ta za a yi. Ni kuwa na riga na cinye gargaɗina biyu na ranar, kuma kuɗin da ke hannuna da ƙyar za su kai abinci. Na daɗe ina kallon allon. Daga ƙarshe na ja linzamin kwamfuta, na buga mata ja. Ta kwashe takardunta ta fita, mijinta yana can ɗaya ɓangaren.

Babu wanda ya tilasta mini. Hannuna ne ya buga hatimin. Ku riƙe wannan, domin a kansa zancenmu na yau zai tsaya.

Ƙananan wasanni, manyan kuɗi

Irin waɗannan wasanni su ake kira indi, wato waɗanda mutum ɗaya ko wata 'yar ƙaramar tawaga ke ƙirƙira ba tare da babban kamfani ya ɗaure musu gindi ba. Da yake ba su da kuɗin yin zane mai kashe ido irin na wasannin ƙwallo da tseren mota da kuka saba gani, da yawansu sai su zuba ƙarfinsu a kan labari. Shi ya sa masu shirya finafinai suka fara zawarcinsu.

Akwai kuma maganar kuɗi, kada mu ɓoye. Wasan Five Nights at Freddy's, wanda Scott Cawthon ya yi shi kaɗai a 2014, an mayar da shi fim a 2023. An kashe kimanin dala miliyan 20, fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 290 a gidajen sinima. Duk furodusan da ya ga wannan lissafi sai yawunsa ya tsinke. Wasan da ya yi suna yana zuwa ne da masoyansa a shirye, ba sai an sha wahalar talla ba.

Sai dai sayen haƙƙin labari abu ne mai sauƙi idan kana da kuɗi. Wahalar tana gaba. Da yawanku kun san abin da ke faruwa idan littafi ya koma fim. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sannan ya kalli fim ɗin da Adamu Halilu ya yi daga littafin a 1976, zai iya cewa, “Ai ni ba haka na zaci fuskarsa ba.” Mai karatu yana rasa hoton da ya zana a zuciyarsa. Mai buga gem yana rasa abin da ya fi wannan, domin a cikin wasa shi ne mai aikatawa. Da zarar an kashe fitila a sinima, an karɓe linzami daga hannunsa, ya koma ɗan kallo.

Minti goma a bakin iyaka

Wasu masu shirya fim 'yan Rasha, Nikita Ordynskiy da Liliya Tkach, sun mayar da Papers, Please gajeren fim da amincewar Lucas Pope, suka sake shi kyauta a YouTube a 2018. Tsawonsa kusan minti goma ne kacal. Ni a ganina wannan gajarta ita ce dabararsu ta farko. Wasan yana da kwanakin aiki 31 da ƙarshe iri 20, gwargwadon abin da ka zaɓa. Fim kuwa hanya ɗaya yake bi. Da sun ce sai sun cusa komai, da sun shaƙe mai kallo. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle ashirin.

Abin da suka yi shi ne, suka ɗauki abu guda: nauyin hatimi. Ma'aikacin ya bi doka ya mayar da wata yarinya da ba ta da cikakkun takardu, abin ya tsaya masa a rai. Can kuma wata mata ta zo da kuskure a takardarta, mijinta ya riga ya wuce. Saboda ciwon abin da ya yi ɗazu, sai ya tausaya ya buga mata kore. Wannan tausayin ne ya buɗe ƙofar harin da ya biyo baya. Ba su iya ba ka hatimin ka buga da kanka ba, sai suka kafa kyamara a kan fuskar mai bugawa, ɗan wasa Igor Savochkin, suka bar ka kana karanta abin da ke cin sa. A wasan ba fuskar ma'aikacin kake kallo ba, domin kai ne shi. Fim ɗin ya karɓe maka hannu, ya biya ka da fuska.

Komawa makaranta

Misalin da ya fi burge ni daga Taiwan yake, kuma ya shafe ku kai tsaye domin a makarantar sakandare labarin ya faru. Ina gargaɗi tun yanzu: zan tona sirrin labarin, wanda bai so ya tsallake zuwa kanun gaba.

A watan Janairun 2017 wata 'yar ƙaramar tawaga a birnin Taipei mai suna Red Candle Games ta fitar da wasan Detention. Sunansa na asali da Sinanci Fanxiao, ma'anarsa komawa makaranta. Kafin ku gane labarin sai kun san ɗan tarihi. Daga 1949 zuwa 1987, shekara 38 ke nan, Taiwan tana ƙarƙashin dokar soja a hannun jam'iyyar Kuomintang. A wannan zamani an ɗaure dubban mutane bisa zargin goyon bayan kwaminisanci, an kashe da yawa. Karanta littafin da gwamnati ta haramta ya isa ya kai mutum kurkuku. A makarantu akwai jami'an soja da ke aikin tarbiyya, kuma ana kwaɗaitar da kowa ya kai rahoton duk wanda yake zargi.

Wasan yana farawa da wani ɗalibi, Wei, wanda barci ya kwashe a aji. Ya farka ya tarar makaranta ta watse, an rubuta gargaɗin guguwa a allo. A babban zauren taro ya iske wata ɗaliba 'yar ajin gaba da shi, Fang Ray-shin, wadda ake kira Ray. Suka nufi gida, suka tarar gada ta karye, kogin da ke ƙarƙashinta ya yi ja kamar jini. Daga nan wasan ya miƙa maka Ray, kai ne ƙafafunta. Kana yawo a cikin makarantar da ta rikiɗe ta zama wurin fatalwa, kana tsintar guntayen takardu, kana buɗe ƙofofi. Idan fatalwa ta matso, akwai maɓallin da za ka danne domin Ray ta riƙe numfashi har ki wuce ta, ko in ce har ka wuce ta. Ni dai na kama kaina ina riƙe nawa numfashin tare da ita.

Sannu a hankali gaskiya ke fitowa. Wasu malamai biyu, Malam Chang da Malama Yin, suna da wata ƙungiyar karatu ta sirri inda ɗalibai irin su Wei ke karanta haramtattun littattafai. Ray kuwa gidansu ba zaman lafiya, iyayenta kullum cikin rikici. Malam Chang ne mai ba ɗalibai shawara, shi ne ya saurare ta, har shaƙuwarsu ta wuce iyakar malami da ɗaliba. Da ya ja da baya, sai Ray ta zaci Malama Yin ce ta shiga tsakaninsu. Kishi ya rufe mata ido. Ta lallaɓi Wei ta karɓi jerin littattafan ƙungiyar, ta kai wa jami'in sojan makarantar, a tunaninta za a kori malamar kawai. Abin da ya biyo baya ya fi ƙarfin tunaninta: aka kashe Malam Chang, aka ɗaure Wei shekaru masu yawa, ita kuma ta kasa rayuwa da abin da ta jawo. Makarantar fatalwar da kake ta yawo a ciki, ashe ruhin Ray ne ke zagaye a cikin laifin da ta ƙi yarda ta tuna.

Ka duba abin da wasan ya yi maka. Awanni kana kare yarinyar nan, kana tsoro dominta, kana ɗaukarta wadda aka zalunta. Sai ga shi kai ne ka taka da ƙafafunta ka kai takardar. Wasan ma ya nuna takardar a siffar bindiga. A babin ƙarshe ana yi wa Ray tambayoyi game da kanta, kai ne mai zaɓar amsa, kuma amsoshinka ne ke yanke irin ƙarshen da za ka gani cikin guda biyu: ko ta fuskanci abin da ta yi, ko ta ci gaba da zagaye.

To yaya za a yi wannan a fim, inda ba mai danna komai?

Darakta John Hsu ya fitar da nasa a watan Satumbar 2019, Gingle Wang ta fito a matsayin Ray, Tseng Ching-hua kuma a matsayin Wei. Ya ajiye labarin a 1962, kuma ya yi canje-canje guda uku da ya kamata duk mai sha'awar rubutun fim ya lura da su.

Na farko, ya sauya tsarin bayyana sirri. A wasa kai ne mai tsintar guntayen takardu kana haɗawa, kuma jin daɗin yana cikin haɗawar. A fim ba za a zaunar da mutane suna kallon yarinya tana karanta takardu ba. Sai ya raba fim ɗin kashi uku: mugun mafarki, sannan labarin mai kai rahoto, sannan waɗanda suka rayu. Kashi na tsakiya ya fitar da mu daga duhu ya kai mu makarantar da rana tsaka, muka ga yadda abin ya faru daki-daki.

Na biyu, ya ba 'yan ƙungiyar karatun fuska da murya. A wasan galibi labarinsu kake tsinta. A fim kuwa muna zaune tare da su a wani ɓoyayyen ɗaki suna kwafar littafi da hannu, suna karanta waƙoƙin Tagore na Indiya, suna tsokanar juna kamar kowane ɗalibi. Idan aka zo kama su, mun riga mun san su. Tun da ba zai iya sa ka ji cewa kai ka aikata ba, sai ya sa ka san waɗanda aka yi wa, don ka ji girman asarar.

Na uku, ya canza dodon. Ya sa masa kayan soja, ya yi masa fuska da madubi. Duk wanda dodon ya kama, fuskar kansa yake gani. Da hoto ɗaya daraktan ya faɗi abin da wasan ya ɗauki awanni yana sa ka ji: a irin wannan mulki, abin tsoron yana iya zama kai kanka, domin kowa ana iya mayar da shi ɗan rahoto.

Ba kyauta aka samu wannan ba. A ganina fim ɗin bai kai wasan ban tsoro ba, kuma a wasu wuraren yana bayyana abin da wasan ya bar ka ka gano da kanka. Ƙarshe biyu sun koma ɗaya. Amma ya samu abin da wasan ba zai samu ba. Wasa kai kaɗai kake buga shi a ɗaki. Fim kuwa jama'a ke kallo tare, har da dattawan da suka rayu a wancan zamani waɗanda ba za su taɓa zama gaban kwamfuta su buga gem ba. Fim ɗin ya shiga sahun waɗanda suka fi kasuwa cikin finafinan Taiwan na shekarar, ya shiga takara a rukuni 12 na kyautar Golden Horse, ya lashe 5, ciki har da ta sabon darakta da ta labarin da aka ɗauko daga wani aiki. A 2020 kuma aka yi shiri mai dogon zango a kan labarin, wanda aka nuna a Netflix.

Muryar da ba a ganin mai ita

Ba kowane wasa ne ke miƙa wuya haka ba. Ɗauki Firewatch, wanda tawagar Campo Santo ta fitar a watan Fabrairun 2016. Kai ne Henry, mutumin da matarsa ta kamu da cutar mantuwa tun ba ta tsufa ba. Ya kasa jurewa, ya gudu ya karɓi aikin gadin gobarar daji a jihar Wyoming ta Amurka a 1989. Yana zaune shi kaɗai a kan hasumiya. Abokiyar hirarsa ɗaya ce, shugabarsa Delilah, wadda ke wata hasumiyar, kuma ta rediyon oba-oba kawai suke magana. Kai ne ke zaɓar abin da Henry zai ce mata. Kana iya gaya mata gaskiya game da matarka, kana iya kaucewa, kana iya yin shiru. Har wasan ya ƙare ba za ka ga fuskarta ba.

An sanar da shirin mayar da shi fim tun a 2016 tare da kamfanin Good Universe, aka sake sanarwa a 2020 tare da wani kamfanin, Snoot Entertainment. Ka sa kanka a matsayin wanda aka ba aikin rubutawa. Idan ka nuna Delilah, ka kashe labarin, domin ƙarfinsa yana cikin yadda mutum ke jingina da muryar da bai san mai ita ba, don gudun matsalar da ya baro a gida. Idan ka ɓoye ta, sai ka riƙe mai kallo kusan awa biyu da mutum ɗaya yana tafiya a daji yana magana da rediyo. A wasa tafiyar ba ta gundura, domin kai ne ke duba taswira kana ɓata hanya. A fim tafiyar wani ce. Ga kuma shirun: shirun da kai ka zaɓa ka yi wa Delilah daban yake da shirun da aka rubuta wa ɗan wasa.

Abin da za ku ɗauka

Idan kun ji an ce za a mayar da gem ɗin da kuke so fim, yawanci tambayar farko ita ce ko jarumin zai yi kama da na wasan, ko za a sa rigarsa da makaminsa. Waɗannan su ne mafi sauƙi, tela da mai kwalliya za su gama da su. Tambayar da ta fi ita ce: me wasan ya sa na aikata da hannuna, kuma da me fim ɗin zai maye gurbinsa? Masu Papers, Please sun amsa da fuskar ma'aikaci. John Hsu ya amsa da ɗakin karatu da madubi. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Daraktan da ya kwafi komai bai canza komai ba, ya ba ka abin da za ka samu idan ka zauna a bayan yayanka yana buga gem ya hana ka taɓawa.

Wannan darasi bai tsaya ga gem ba. 'Yan ƙungiyar wasan kwaikwayo na makaranta, duk ranar da kuka ɗauki littafi za ku mayar da shi wasan dandamali, matsalar ɗaya ce. Littafi yana shigar da mu cikin zuciyar mutum, dandamali kuwa sai abin da ido ya gani kunne ya ji. Sai kun nemo abin da zai tsaya a madadin tunanin da ba a ji.

Wata 'yar tunatarwa ga ƙannenmu na firamare da ƙananan azuzuwan sakandare: Detention da Five Nights at Freddy's na ban tsoro ne, akwai jini da tashin hankali, ba naku ba ne tukuna. Manyan ma a nemi izinin iyaye, kuma a bari sai an gama aikin gida.

Aikin wannan mako

Ku koma kan matar da na hana shiga. Ku rubuta fitowar a matsayin fim, kada ta wuce shafi ɗaya. Ga ma'aikaci, ga mata a bakin taga, ga mijinta ya riga ya tsallaka. Sharaɗi ɗaya ne: ma'aikacin ba zai faɗi abin da ke ransa da baki ba, kuma babu muryar mai ba da labari. Ku nuna mana da abin da ke kan teburinsa, da inda yake kallo, da abin da hannunsa ke yi. Ku ne za ku yanke ko kore zai buga ko ja. Ku aiko ta adireshin wannan shafi tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga guda uku da suka fi.

Ni dai na sake buga wasan daga baya, na bar ta ta shiga, aka rubuta mini takardar laifi. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.